Ciwon Sukari da Ƙaiƙayin Gaba: Ko Laifin Magani Ne?

Wata ranar Asabar da yamma ina zaune a ƙofar gida ina duba littattafan 'yan makaranta, sai ga wani maƙwabcina ya yi sallama. Dattijo ne, ɗan kasuwa, ya kan yi kwana uku ko huɗu a kasuwannin ƙauye yana saro hatsi. Muka gaisa, ya zauna a kan benci, ya daɗe bai ce kome ba. Can sai ya ce, "Malam, gidana ba lafiya. Yau mako uku ke nan uwargida ba ta yi mini magana sai in ya zama dole. Wai na ɗauko mata ciwon sanyi a wurin tafiyata. Shekara 28 muna tare, ban taɓa cin amanarta ba."

Kashegari matata ta je ta zauna da uwargidan, ta ji sauran labarin. Shekara shida ke nan tana fama da ciwon sukari, tana shan metformin safe da yamma. Wata biyu kafin wannan rigima, likita ya ƙara mata wata ƙaramar ƙwaya, guda ɗaya kowace safiya. Ba a yi wata guda ba sai ƙaiƙayi ya kama ta a gaba, da farin ruwa mai kauri. Kunya ta hana ta koma asibiti. Ta je kemis, aka ce mata sanyi ne, aka ba ta kafso na kwana biyar. Ta shanye, abin ya ƙaru. Daga nan zuciyarta ta tafi kan maigida. Sa'an nan wata 'yar'uwarta ta ce mata ai maganin asibiti ne bai karɓe ta ba, sai ta tattara dukan ƙwayoyinta na ciwon sukari ta kulle a akwati.

Su biyun sun yarda in ba da labarinsu muddin ban faɗi sunansu ba, domin mun tabbata ba gidansu kaɗai abin ya taɓa shiga ba. Tambayar da ta taso ita ce: shin maganin ciwon sukari yana iya kawo wannan ƙaiƙayi? Amsa ita ce i, akwai iri guda da ke kawo shi. Amma ciwon sukarin kansa, idan ba a kula da shi ba, shi ma yana kawo shi. Saboda haka wanda ya jefar da maganinsa don gudun ƙaiƙayi, garin neman gira zai rasa ido.

Mene ne wannan ƙaiƙayi?

A wurinmu kusan kowane ciwo da ya shafi gaba sunansa "sanyi". Wannan suna guda da a ke bai wa cututtuka dabam dabam ya ɓata gidaje da yawa, gama waɗansu daga cikinsu ta wurin saduwa a ke ɗaukarsu, waɗansu kuwa ba ruwansu da saduwa. Wanda mu ke magana a kansa yau, likitoci suna kiransa kandida. Abin da ke kawo shi wata 'yar halitta ce da ido ba ya gani, dangin funfuna, 'yar'uwar yis ɗin da masu gasa burodi su ke sa wa fulawa. Cikakken sunan wadda ta fi yawa shi ne Candida albicans.

Wannan halitta tana zaune a jikin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya, a baki, a hanji, a fata, da gaban mace, ba tare da ta dami kowa ba. Akwai waɗansu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune tare da ita suna hana ta yaɗuwa, kamar yadda shuka mai kyau ta ke danne ciyawa a gona. Sai ranar da ta sami abinci da yawa, da ɗumi, da laima, ko kuwa aka kashe waɗancan maƙwabta nata, sa'an nan ta kan yi yawa ta fara cin fata.

Ga mace, alamunta su ne ƙaiƙayi mai tsanani, ja da kumburi, zafi lokacin fitsari ko saduwa, da farin ruwa mai kauri kamar kindirmo, wanda yawanci ba shi da wari. Ga namiji, kan gaba ya kan yi ja, da ƙaiƙayi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje ko tsagewar fata. Ta fi kama wanda ba a yi wa kaciya ba, amma mai kaciya ma ba ta ƙyale shi ɗungum ba. A baki kuwa, ta kan fito fari fari a harshe da cikin kumatu kamar ragowar madara, in an goge wurin ya yi ja. Ta kan kuma kama matsematsin cinya, hammata, da ƙarƙashin nono, inda zufa ke taruwa.

Mata uku cikin huɗu su kan yi wannan ciwo aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu, har da 'yan mata da ba su san namiji ba, da gwauraye da suka daɗe ba miji. Likitoci ba su lissafa ta cikin cututtukan da a ke ɗauka ta wurin saduwa ba, ko da ya ke jefi jefi miji ya kan ji ƙaiƙayi bayan ya kusanci matarsa mai ciwon. Don haka ganinta a jikin mace ko namiji ba shaida ce ta cin amanar aure ba.

Abin da ya haɗa ta da sukari

Kakanninmu sun lura cewa tururuwa ta kan taru a inda mai ciwon sukari ya yi fitsari. Likitocin ƙasar Indiya na zamanin dā su ma sun lura da haka, har suka sa wa ciwon suna "fitsarin zuma". Dalilin yana wurin ƙoda.

Ƙoda matata ce ta jini. A kwana guda ƙodar babban mutum ta kan tace sukari wajen giram 180 daga cikin jini, amma ba ta barinsa ya fita. Akwai waɗansu ƙananan ƙofofi a cikinta da ke tsotse sukarin su mayar da shi cikin jini, domin abinci ne da jiki ya ke bukata. Shi ya sa ba a samun sukari a fitsarin mai lafiya. To, idan sukarin jini ya hau ya wuce wajen 180 a na'urar awo ta gida, ko kuwa 10 a na'urar da ke nuna ƙananan lambobi, ƙofofin nan ba su iya kwashe shi duka. Sauran sai ya bi fitsari. Duk lokacin da mutum ya kama ruwa, ɗan abin da ya rage a fata abinci ne ga kandida.

Ban da haka, sukari mai yawa a jini ya kan raunana sojojin jiki masu yaƙi da cuta. Ya kan kuma busar da baki, ya ƙara sukari a cikin yawu, shi ya sa masu ciwon sukari su kan yi fama da farin harshe. Mutane da yawa ba su san suna da ciwon sukari ba sai da ƙaiƙayi mai yawan dawowa ya kai su asibiti aka auna jininsu. Saboda haka duk wanda abin ya ke ta dawo masa, musamman idan yana yawan jin ƙishirwa, yana yawan tashi fitsari da dare, ko yana ramewa, ya je a auna masa sukari tun bai karya kumallo ba. Idan awo ya nuna 126 ko fiye, aka sake aka sami haka, to, ciwon sukari ne.

Maganin da ke kawo shi

Yanzu sai mu duba magungunan ɗaya ɗaya. Insulin, wanda Frederick Banting da Charles Best suka gano a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, ba ya kawo kandida. Metformin, wanda likita Jean Sterne ya fara gwada wa masu ciwon sukari a Faransa a 1957, shi ma ba ya kawo ta. Abin da ya kan jawo shi ne ɓacin ciki da zawo a farkon shansa. Glibenclamide da 'yan'uwansa irin su glimepiride da gliclazide su ma ba su da wannan laifi. Duk waɗannan rage sukarin jini su ke yi, don haka suna taimakawa wajen hana ƙaiƙayin. Idan mai shansu ya ga kandida tana damunsa, abin da ya fi yiwuwa shi ne sukarinsa bai sauka yadda ya kamata ba.

Akwai kuwa wani sabon dangi na magani da ke aiki ta wata hanya dabam. Tarihinsa ya faro ne tun 1835, lokacin da masana suka fitar da wani sinadari mai suna phlorizin daga ɓawon itacen tuffa. Daga baya aka gane cewa yana sa sukari ya fita ta fitsari. An yi shekaru da yawa kafin a sarrafa shi ya zama ƙwayar da mutum zai iya sha lafiya. A 2012 Tarayyar Turai ta amince da dapagliflozin, a 2013 Amurka ta amince da canagliflozin, a 2014 kuma empagliflozin ya fito. A kantin magani za a gan su da sunayen kamfani kamar Forxiga, Invokana da Jardiance. Akwai kuma waɗanda aka haɗa da metformin a ƙwaya guda, kamar Xigduo da Synjardy. Hanya mai sauƙi ta gane su ita ce a duba ƙaramin rubutun da ke jikin kwali. Duk sunan da ya ƙare da "gliflozin", ɗan wannan gida ne.

Aikinsu shi ne toshe babbar ƙofar nan ta ƙoda mai mayar da sukari cikin jini, wadda likitoci ke kira SGLT2. Da zarar an toshe ta, sukari sai ya riƙa zubewa ta fitsari, ko da na jini bai hau sosai ba. Mai shan dapagliflozin ya kan zubar da wajen giram 70 a rana, wato kimanin cokalin shayi 17. Ta haka sukarin jini ya ke sauka. Ta haka kuma kandida ta ke samun abinci safe da yamma. Amfanin maganin da illarsa daga tushe guda su ke fitowa.

A gwaje-gwajen da aka yi kafin a fitar da canagliflozin kasuwa, mata wajen 10 cikin 100 masu shansa sun yi wannan ƙaiƙayi, a wurin waɗanda ba su sha ba kuwa wajen 3 ne cikin 100. Maza kimanin 4 ne cikin 100, waɗanda ba su sha ba kuma ba su kai 1 ba. Mai karatu ya lura, wannan lissafi ya nuna cewa mata tara cikin goma ba abin da ya same su. Abin ya fi zuwa a watannin farko, ya fi kuma kama wadda ta taɓa yinsa a dā. Yawanci marar tsanani ne, yana jin magani, kuma kaɗan ne ƙwarai suka bar ƙwayar saboda shi. Kandidar baki kuwa ba ta cikin illolin da aka san wannan magani da su, gama sukarin ta fitsari ya ke fita.

Me ya sa likita zai ba da magani mai irin wannan illa? Domin amfaninsa babba ne. A 2015 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a kan mutum wajen 7,000 masu ciwon sukari tare da ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini. Mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi 38 cikin 100 a wurin waɗanda suka sha empagliflozin. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wannan dangi yana kāre ƙoda daga lalacewa, har likitoci suna bai wa masu ciwon zuciya da na ƙoda ko da ba su da ciwon sukari. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa empagliflozin cikin jerin magungunan da ta ke gani dole ne kowace ƙasa ta tanada. Duk wanda ya taɓa ganin yadda wankin ƙoda ya ke cinye dukiyar iyali zai gane cewa ba a musayar irin wannan kāriya da ƙaiƙayin da man shafawa ke kashewa cikin mako guda.

Waɗansu masu laifi

Kafin a ɗora wa maganin sukari laifi, a tuna akwai waɗansu magunguna da ke buɗe wa kandida ƙofa. Na gaba a cikinsu su ne kafso masu kashe ƙwayoyin cuta, irin su tetracycline, amoxicillin da ampicillin. Ba su taɓa kandida ko kaɗan, sai dai su kashe maƙwabtan nan masu amfani da ke danne ta. Abin da ya faru da maƙwabciyarmu ke nan, ta sha kafso don ta warke, ta share wa ciwon fili. Magunguna irin su prednisolone da dexamethasone, waɗanda waɗansu ke sha ba da izinin likita ba don ciwon gaɓoɓi ko don su yi ƙiba, suna ɗaga sukarin jini, suna kuma raunana jiki. Abin shaƙa na masu asma ya kan kawo farin baki idan ba a kurkure baki bayan an shaƙa ba. Juna biyu ma ya kan kawo ƙaiƙayin. Babban mutum kuwa da ya ga farin harshe ba tare da wani sanannen dalili ba, ya kamata a auna masa sukari da kuma cutar ƙanjamau, gama dukansu biyu suna rage ƙarfin jiki.

Yadda a ke maganinsa

Abu na fari, idan karo na farko ne, a je asibiti ko ɗakin shan magani a tabbatar kandida ce. Ruwa mai ƙarni kamar na kifi, ko mai launin rawaya ko kore, ko gyambo, ko ciwon mara da zazzaɓi, duk alamun waɗansu cututtuka ne masu magani dabam. Wadda ta ke jin nauyin likita namiji ta nemi nas ko ungozoma. Sun saba jin irin wannan kowace rana.

Ga mace, maganin da aka fi sani shi ne clotrimazole. Akwai na matsi da a ke sawa da dare lokacin kwanciya: mai miligiram 500 sau ɗaya tak, mai 200 dare uku, mai 100 kuma dare shida. A kan haɗa da man shafawarsa a shafa a waje sau biyu ko uku a rana. A cika kwanakin ko da ƙaiƙayi ya lafa tun a rana ta biyu. Ma'auratan da ke amfani da kwaroron roba su sani cewa wannan mai yana raunana roba. Ya fi kyau ma a haƙura da saduwa sai an warke.

Akwai kuma na sha, fluconazole mai miligiram 150, ƙwaya guda sau ɗaya. A nan mai ciwon sukari ya yi hattara. Fluconazole ya kan hana jiki fitar da glibenclamide da glimepiride da wuri, sai ƙarfinsu ya ƙaru, sukari ya faɗi ƙasa fiye da kima. Alamun haka su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa, jiri da rikicewar tunani. In haka ta faru, a sha sukari cokalin shayi uku ko huɗu a ruwa nan da nan, a bi shi da abinci. Haka kuma ba ya jituwa da warfarin, maganin tsinka jini. Don haka kada a saye shi kai tsaye. A kai wa likita ko masanin magunguna dukan kwalayen da a ke sha ya gani tukuna. Mai juna biyu kada ta sha shi sam. Nata shi ne na matsi, har kwana bakwai, bisa ga umarnin ungozoma. Magungunan "gliflozin" ma ba na mai ciki ko mai shayarwa ba ne.

Ga namiji, a wanke wurin da ruwan ɗumi, a tsane shi sosai, a shafa clotrimazole sau biyu a rana na mako ɗaya zuwa biyu. Idan mace ce ke da ciwon, mijinta kuwa ba ya jin kome, ba sai ya sha magani ba.

Ga na baki, akwai nystatin na ruwa. Mata biyu ne suka gano shi a 1950, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, ma'aikatan sashen lafiya na jihar New York a Amurka, daga sunan jihar ne ma aka samo sunan maganin. A kan ɗiga mililita ɗaya a baki sau huɗu a rana bayan cin abinci, a riƙe shi a baki gwargwadon iko kafin a haɗiye, har kwana bakwai, a ƙara kwana biyu bayan farin ya ɓace. Mai haƙoran roba ya cire su da dare ya wanke.

A guji man shafawar nan da a ke talla wai yana maganin kowace irin cutar fata. Da yawansu akwai sinadari irin na dexamethasone a ciki, wanda ke kwantar da ƙaiƙayi na ɗan lokaci amma ya sirantar da fata. A guji kuma wanke ciki da sabulu, ruwan gishiri, kanwa, lemon tsami ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta na wanke ɗaki. Fata mai ciwo ba ta bukatar a ƙara ƙona ta.

Idan an yi mako guda ba sauƙi, ko abin ya dawo sau huɗu a shekara, a koma wurin likita. Akwai wata irin kandida mai suna glabrata da ta fi yawa a wurin masu ciwon sukari, wadda ba ta jin fluconazole sosai, sai an ɗauki ruwan an duba a gane ta. A wannan lokaci ne likita zai auna ko a ci gaba da ƙwayar "gliflozin" tare da maganin riga-kafi, ko a sauya ta da wata. Shawarar tasa ce tare da marar lafiya, ba ta maƙwabta ba.

Alamun da ba a kwana da su

Akwai wani ciwo mai haɗari, ko da ya ke ba safai a ke ganinsa ba, da a ke kira ruɓewar Fournier, sunan wani likitan Faransa da ya bayyana shi a 1883. A watan Agusta na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa, bayan ta sami mutum 12 masu shan wannan dangin magani da suka kamu da shi cikin shekara biyar, maza bakwai, mata biyar. Alamunsa su ne ciwo mai tsanani, kumburi da ja a gaba ko tsakanin gaba da dubura, tare da zazzaɓi ko mutuwar jiki. Wanda ya ga haka ya dakatar da ƙwayar, a kai shi babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.

Haka nan mai shan wannan magani da ya kama amai, ciwon ciki, numfashi sama sama da kasala mai yawa, a kai shi asibiti ko da na'ura ta nuna sukarinsa bai hau ba, domin jininsa na iya yin tsami. Tun ranar da aka rubuta masa maganin ya tambayi likita abin da zai yi idan zawo ko amai ya kama shi, ko zai yi azumi, ko za a yi masa tiyata, gama a irin waɗannan lokatai a kan dakatar da ƙwayar na 'yan kwanaki.

Riga-kafi

Mai shan ƙwayar "gliflozin" ya riƙa ɗauraye gabansa da ruwa zalla duk lokacin da ya yi fitsari, da kuma kafin ya kwanta, sa'an nan ya tsane. Buta da ɗan tsumma mai tsabta sun isa. Mace ta yi wanki daga gaba zuwa baya. A sa ɗan kamfai na auduga marar matsewa, a sauya shi in ya jiƙe da zufa, a shanya shi a rana. A sha ruwa isasshe, musamman a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafi ya tsananta, domin maganin yana ƙara yawan fitsari.

Babban riga-kafi dai shi ne a riƙe sukarin jini. A rage sukari a koko da shayi, a bar lemon kwalba da zoɓo mai zaƙi, a rage malmalar tuwo a ƙara ganye da wake, a yi tafiyar ƙafa ta rabin sa'a a yawancin ranakun mako. Akwai awon jini da a ke kira HbA1c, mai nuna yadda sukari ya kasance cikin wata uku da suka wuce. Ga yawancin manya a kan so ya tsaya wajen 7.

Yadda aka ƙare

Ranar Talata maƙwabcina ya fasa zuwa kasuwa, ya raka uwargida asibiti da kwalayen magani a cikin leda. Da aka auna, sukarinta ya haura 300, bayan mako biyu ba magani. Likita ya ɗaga ƙaramin kwalin ya nuna musu sunan empagliflozin, ya ce, "Mama, da kin zo tun farko, da kwana shida sun ishe mu. Baba ba shi da laifi a wannan magana." Aka ba ta na matsi da na shafawa, ta koma kan ƙwayoyinta duka. Ƙaiƙayin ya sake leƙowa sau ɗaya bayan wata biyu, ta gane shi, ta koma da wuri. Tun daga nan shiru.

Ta faɗa wa matata cewa abin da ya fi ƙaiƙayin ci mata rai shi ne makonni ukun da ta yi tana zargin mijinta a banza, kuma ta roƙe shi gafara. Shi ma ya ce da ya san sunan maganin da matarsa ke sha, da abin da ya ke yi a jiki, da bai tsaya yana rantse-rantse ba, da tuni ya ɗauke ta sun tafi.

Mai karatu, idan akwai mai ciwon sukari a gidanka, ka ɗauko kwalayen maganinsa yau ka karanta sunayen. In ka ga mai ƙarewa da "gliflozin", ku zauna ku yi maganar nan tun kafin ƙaiƙayi ya zo, miji da mata tare. In ya riga ya zo, a ci gaba da shan magani, a je asibiti cikin makon.